Rahoto Ɗaya, Yara Talatin

Shekara goma sha tara ke nan ina kiran mutumin nan Yaya, kuma har gobe haka zan kira shi, don wan mijina ne uwa ɗaya uba ɗaya. A unguwa kuwa Darakta ake ce masa. Ba wanda ya naɗa shi. Ranar da ya share garejin gidansa ya jera benci shida don ya riƙa yi wa yara lesin bayan an tashi daga makaranta, ranar ya sa aka rubuta masa allon ƙofa, kalmar Darakta ta fi sunan cibiyar ma girma. Tun mutane suna faɗa suna dariya har dariyar ta ƙare, sunan ya zauna daram.

Ni shagon fotokofi gare ni, ƙofa uku daga garejin. Duk takardar da ta shiga hannun yaran nan sai ta bi ta injina, saboda haka in na ce na san abin da ke cikin Darakta, ba jita-jita nake yi ba.

Maigidana mai gyaran firji ne, kuma shi ya ba ni labarin yarintarsu, yana ba ni yana alfahari, ni kuwa ina ji ina haɗiye dariya. Tun a firamare Yaya yake yawo da biro uku a aljihun gaba. Shi ne monita kowace shekara, kuma rubuta sunan masu surutu shi ne darasin da ya fi ƙwarewa a kai. Ya shiga kwalejin horon malamai ya yi shekara biyu ya fito, ya ce malaman ne suke masa hassada. Ya yi akawu a wani kamfanin sufuri, ya yi tsaron sito, ya yi tallan taswirar bango makaranta-makaranta. Ya taɓa samun koyarwa a wata makarantar kuɗi, zango ɗaya tak, har ranar da wani uba ya zo da littafin ɗansa yana tambaya me ya sa aka soke amsar da take daidai. Kowane wuri ya bari, magana ɗaya yake kawowa gida: sun ga ya fi ƙarfin wurin.

Sa'arsa ɗaya a duniya, matar da ya aura. Facalata ce, Anti nake ce mata. Ta yi shekara goma tana koyar da 'yan aji huɗu kafin ya ce ta ajiye, wai bai dace matar mai cibiya tana aiki a ƙarƙashin wani ba. Ta ajiye ɗin, ta dawo tana aiki a ƙarƙashinsa, ba suna ba godiya.

Ga yadda cibiyar take tafiya a wancan lokacin. Da safe in gida ya yi shiru, Anti za ta ɗora faranti a cinya, ta ɗora farar takarda a kai, ta ɗauki rula ta ja layi daga sama har ƙasa, ta bar fili mai faɗin tafin hannu a gefen dama. A saman filin takan rubuta: yi aikinka a nan. Tambayoyin suna hagu. Ba ta yarda yaro ya shigo da abin goge fensir ba. In ka yi kuskure ka ja masa layi ɗaya, ka bar shi a gani. Da yamma in an tashi, Darakta zai tattara takardun ya rungume su a ƙirji ya ce wa iyayen da suka zo ɗaukar yara zai shiga ofis ya duba. Ofishin shi ne teburin kicin, mai dubawar kuma tana gefe tana yanka albasa. Ba amsa take fara kallo ba, gefen nan na dama take karantawa, inda yaro ya yi ta kokawa shi kaɗai. Daga nan take gane wanda bai iya ba, da wanda ya iya amma yana gaggawa, da wanda ya leƙa ta maƙwabcinsa. Washegari sai ta rubuta takarda kala uku, kowace da 'yar alama a kusurwa, ta gaya masa wa zai ba wacce.

Shi kuma nasa aikin, ya yanko wata 'yar siririyar takarda mai ɗauke da "Tsarawa: Darakta" ya manna a sama, ya kawo mini. Zai tsaya a kaina yana huci, yana cewa, "Maman Auta, ki ƙara masa baƙi, sunan bai fito sosai ba." Shekara tara ina ƙara wa sunan nan baƙi.

A cikin aji kuwa abin kallo ne. Hannu a baya, yana zagaya benci yana duba agogo, lokaci-lokaci ya ce, "Ku yi tunani." In yaro ya ɗaga hannu ya yi tambaya, sai ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Tambaya mai kyau. Wa zai amsa masa?" In an samu mai amsawa, shi ke nan. In ba a samu ba, ta zama aikin gida. Duk da haka yara suna cin jarrabawa, iyaye suna sa masa albarka a titi, yana amsawa da ɗaga hannu ɗaya. Abin da ya fi ba ni haushi, ba yaudarar mutane kaɗai yake yi ba, shi kansa ya yarda shi ne yake aikin.

Auta ita ce 'yata ta ƙarshe, shekararta goma sha biyu. Bara ta zauna jarrabawar shiga sakandaren da yayyenta biyu suka yi, ba ta ci ba, ta maimaita aji shida. Makarantar ba ta karɓar wanda ya kai sha uku, don haka bana ce damarta ta ƙarshe, kowa a gidan ya sani, ita ta fi kowa sani. Lissafi ne ya kayar da ita. Tun daga lokacin ta koma wata iri, ko canji aka aike ta karɓowa sai ta ce a aiki wani, ita kanta ba ya ja. Na tsani jin kalmar nan a bakinta.

Sati biyu da sa ta a lesin, Anti ta kira ni kicin ta nuna mini gefen takardarta. "Dubi nan. Hamsin da biyu a ɗebe talatin da takwas, ta samu ashirin da shida. Ba shirme ta yi ba, tana da tata dokar. Duk inda ta ga lamba biyu, ƙaramar take cirewa daga babbar, ko wacce ce a sama. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya nuna mata yadda ake aro daga lambar kusa. Shi ya sa rabawa ma take ƙi mata, don rabawa cike take da ɗebewa. Ki ba ni wata biyar."

Wata biyar ɗin ne daidai ya rage. Na koma gida ranar ina jin kamar an sauke mini buhu daga ka. Aka yi wata guda, Auta ta fara aro daidai, tana yi tana cije leɓe, gefen takardarta duk layin soke-soke, amma amsa tana fitowa.

Sai Darakta ya je taro. Wani taron masu cibiyoyin karatu ne aka yi a zauren otal, kwana biyu. Ya dawo da kati rataye a wuya, wanda ya yi sati bai cire ba har wurin cin abinci, da kwali ɗauke da ƙananan kwamfutocin nan na hannu da ake ce wa tab, guda takwas. Ya kuma dawo da kalma ɗaya a baki: zamani. Ruwa in ya yi ɗumi a randa, rashin zamani ne. Ya tara iyaye a ƙofar gareji ya yi musu jawabi, ya ce daga yau cibiyarsa ta yi ban kwana da takarda, na'ura ce za ta ba yaro tambaya, ta duba, ta ba da maki nan take, ta kuma fitar da rahoto duk ƙarshen mako. Iyaye suka yi ta gyaɗa kai. Wani ma ya tafa.

Ni na san abin da ya burge shi, kuma ba zamani ba ne. Ya samu abin da zai duba amsa ba tare da ya bi ta kicin ba.

Ina gidan ranar da Anti ta yi magana, sau ɗaya tak ta yi. Ta ɗauki tab ɗaya tana juya shi, ta ce, "Malam, a ina yaro zai yi aikinsa a jikin abin nan?"

"Ba ya bukata. Amsa huɗu ce za ta fito, ya taɓa wadda take daidai."

"To in ya taɓa wadda ba daidai ba, ta yaya zan san inda ya ɓace?"

Ya karɓe tab ɗin daga hannunta ya goge gilashin da hannun riga. "Wa ya ce sai kin sani? Ke dai ki huta, kin yi naki lokacin."

Kwalin da take ajiye asalin takardunta na shekara tara, ya sa aka fitar da shi don a samu wurin jona caja. Mai shagon kayan gini na bakin titi ya ɗauka. Wata biyu duk wanda ya sayi ƙusa a unguwar nan, a cikin rubutun Anti ake ƙunshe masa.

Na ɗauka na rabu da shi ke nan, ashe da saura. Ƙarshen makon farko ya shigo shagon, ya turo mini wani shafi a waya, ya ce in buga ɗaya in yi masa kofi talatin. Ya kamata in bayyana wani abu game da sana'armu. Mutane suna kawo mana takardar asibiti, da sammacin kotu, da takardar sallama daga aiki, suna miƙo ta a kife suna kallon gefe. Mai fotokofin kirki yakan koyi ganin takarda ba tare da ya karanta ta ba. Idonka yana kan gefuna, ko ta karkace, ko tawada ta yi yawa. Haka na yi. Na ga dai shafi ne mai zane-zanen sanduna, na ɗauka fom ne da zai cike, na buga na miƙa masa.

Da yamma Auta ta shigo gida a guje, abin da rabonta da yi tun bara. Rahotonta ne a hannu, sunanta a sama da biron Baffanta, a ƙasa kashi tamanin da takwas cikin ɗari. Babanta ya riƙe takardar da hannu biyu yana kallo, ya ce, "Ka ji Yaya." Aka nemo salatif aka manna ta a bangon falo. Mako na biyu tamanin da shida, na uku casa'in. Bango ya fara cika.

A mako na huɗu wata tela da ɗanta yake lesin ta kawo nasa rahoton in saka mata shi a leda, don ta adana. Tana ta washe baki, ta ce in duba, casa'in da ɗaya. Tunda ita ta ce in duba, na duba. Casa'in da ɗaya ne Auta ta kawo a makon. Sandunan iri ɗaya ne, doguwa, gajera, doguwa, doguwa. Can sama da ƙananan baƙaƙe na'ura ta rubuta "Ɗalibi 1", a gefensa kuma sunan ɗan tela da biro. Hannuna na kan injin leda har ya fara ƙona ni ban ji ba. Ni da kaina na buga su, shafi ɗaya sau talatin, sati huɗu a jere, kuma ban taɓa haɗa shi da abin da ke manne a bangona ba.

Washegari na rufe shago na tafi garejin ana tsakiyar lesin, na tsaya a bakin ƙofa. Tab takwas, yara talatin. Wasu manyan yara guda biyar da dama can sun iya, su suka riƙe nasu ba sa saki, sauran ukun suna yawo hannu-hannu. Ragowar yara sun yi cincirindo a kafaɗun masu riƙewa suna kallo kamar ana wasan ƙwallo a waya. Na kira babbar cikinsu, wata yarinya mai wayo, na tambaye ta a hankali, ita ta warware mini. Mutumin da ya ba Darakta kayan ya buɗe ɗalibi ɗaya a manhajar da ke cikin tab ɗin don ya nuna masa yadda ake yi. Kamata ya yi a buɗe wa kowane yaro nasa. Darakta bai ji wannan ba, ko ya ji bai gane ba, kuma girman kai bai bar shi ya tambaya ba. Duk tab takwas ɗin a kan ɗalibin gwajin nan suke. Ita kuwa manhajar, in ta ga ana cin tambaya sai ta ƙara wuya. Manyan suna ci tana ƙarawa, har ta kai su lissafin 'yan sakandare. A wurin na'urar, cibiyar Darakta yaro ɗaya gare ta, haziƙi, mai hannu sittin.

Ina tsaye tab ya iso hannun Auta. Ta kalli tambayar, wata aba mai baka da ƙananan lambobi a sama wadda ko ni ban san kanta ba. Ta taɓa amsa ta biyu, ya yi ja. Ta taɓa ta uku, ya yi kore, tauraro ya fito yana rawa. Ta yi murmushi ta miƙa wa na kusa da ita. Karatun ranar ke nan.

Darakta yana can gaba a kan kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kallon nasa wayar. Ko zagayen ma ya daina.

Na jira aka tashi. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Yaya, don Allah rahoton nan da nake bugawa, na wane yaro ne?"

"Na cibiya ne."

"Amma sunan Auta ne a kai."

"Auta ba 'yar cibiya ba ce?" Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Maman Auta, wannan fanni ne mai zurfi. Yanzu duniya ta bar auna yaro shi kaɗai, tare ake auna su, mai ƙarfi ya ja mai rauni. An yi mana bayani a taro. Ke dai ki riƙe danna maɓallinki, kowa da inda Allah ya ajiye shi."

Na san ƙarya yake, a take ya ƙirƙiro ta, don sai da ya kalli silin kafin ya fara. Kuma kafin ya kai ƙarshenta na ga ya yarda da ita.

Na gaya wa maigidana muna cin abinci. Ya ajiye cokali ya ce, "Yaya ne fa." Na ce na sani. Ya ce tun rasuwar babansu Yaya ne ya tsaya a kansu, shi ya kai shi koyon gyaran firji ya damƙa shi hannun mai gida. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne alheri ɗaya da na san Yaya da shi, an kuwa ci moriyarsa shekara talatin. "So kike a ce matata ce ta tona wa wana asiri a unguwa? Ko mu cire yarinya daga wurinsa mu kai ta ciki wurin matarsa, a gabansa? Bari zan yi masa magana." Ya je. Ya dawo bayan awa biyu yana yi mini bayanin yadda duniya ta bar auna yaro shi kaɗai.

Zan iya tsayawa a nan in ɗora wa 'yan'uwan nan biyu komai, kuma sun cancanta. Amma in zan raina mutum, gara in raba rainin daidai. Ba wanda ya ɗaure mini baki a cikin ɗakina. Ina iya zaunar da Auta in ce mata takardun bangon nan ba nata ba ne. Sau da yawa na shirya maganar tun daga shago, in shigo in same ta tana wanke-wanke tana waƙa. Ta koma cin abinci sosai. Ta daina cewa kanta ba ya ja. Rannan ma ita ta ce a aike ta kanti. Sai in kalle ta in ce bari sai mako mai zuwa, kada in ɓata mata yau. Ƙarshen mako kuma Darakta ya shigo da shafinsa, in karɓa in buga talatin, har da wanda za a rubuta sunan 'yata a kai. Na yi haka sau goma sha ɗaya da sanina.

Saura sati uku jarrabawa Anti ta shigo shagon, abin da ba ta saba ba. Ta ciro takarda a ninke daga cikin mayafi, rubutun hannunta, da layin rula da filin nan na dama. "Ki ba Auta ta yi. Kada ta goge komai. Gobe zan biyo in na dawo daga kasuwa."

Auta ta yi, tana tura baki. Tambaya ashirin, ta ci huɗu. Anti ta tsaya a jikin kanta tana bin gefen da yatsa har ta kai ƙasa. "Ta koma gidan jiya. Aron ya tafi gaba ɗaya." Ta ciro wata takardar. "Sati uku ba yawa, amma in za ta yi biyu kullum, ɗebewa dai za ta dawo. Wataƙila ta tsallake da kyar."

Na kai wa Auta ta biyun. Ko karɓa ba ta yi ba.

"Umma, Baffa ya ce takarda tsohon yayi ce. Anti ba ta san sabon lissafi ba, shi ya sa nata yake fita daban. Ni da na ci tamanin da tara wancan satin?"

Ta nuna bango. Ga ƙofa a buɗe, kalma biyar ta ishe ni. Na kalli bangon, na kalli fuskarta, na ce, "To ki daure ki yi ko rabi, don ki faranta wa Anti." Ta yi uku ta ajiye fensir ta ce kanta yana ciwo.

Da Anti ta dawo ta ga takardar, ta ɗago ta dube ni. "Ba ki gaya mata ba."

"Na kasa, Anti."

Ta ninke takardar ta mayar cikin mayafi. Matar da ta yi shekara tara ana manna sunan wani a kan aikinta ba ta ce uffan ba, ita ce ta yi mini kallon da har yau in na tuna nake jin kunya.

Jarrabawar a kan takarda aka yi ta, da fensir. Na jira a bakin get tare da sauran iyaye. Auta ta fito a cikin na ƙarshe, ta zo ta tsaya kusa da ni, ta ce a hankali, "Umma, babu amsa huɗu a lissafin. Cewa suka yi a nuna aiki." Na ce Allah zai dafa. Muka kama hanyar gida.

Bayan wata guda aka kafe sunaye a allon makarantar. Mun je tare. Na bi jerin da yatsa sau uku, ita sau ɗaya ta bi ta koma gefe ta tsaya. A cikin yara goma sha ɗaya da Darakta ya tura, biyar suka ci, manyan nan masu riƙe tab, waɗanda ko a ƙarƙashin bishiya aka ajiye su za su ci. Kafin la'asar ya sa an rubuta sunayensu a kwali an kafe a ƙofar gareji.

Kwana biyu Auta ba ta fita ba. A na uku na ce ta biyo ni shago, don kada ta zauna ita kaɗai tana kallon bangon nan. Ta zauna a kan kujerar roba kusa da injin, inda takarda take fitowa, hannu a cinya. Da hantsi sai ga Darakta, ƙarshen mako ya zo.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya dafa kanta ya yi mata jawabi. Ya ce kada ta damu, tsoron jarrabawa ne, yana kama haziƙai ma. Ya ce shi kansa abin ya ɗaure masa kai, yarinyar da ba ta taɓa sauka ƙasa da tamanin da biyar ba. Ya ce laifin masu shirya jarrabawar ne da suka tsaya a zamanin fensir, kuma yana tunanin rubuta musu wasiƙa. Yana magana yana latsa waya, na ji tawa ta yi ƙara a aljihu.

"Talatin, Maman Auta. A'a, ashirin da tara yanzu."

Ina so in ce na ƙi. Ban ƙi ba. Hannuna ya riga kaina, kamar kullum, na buga ɗaya na kifa a gilashi na danna. Injin ya fara turo su ɗaya bayan ɗaya a gaban Auta. Ta miƙa hannu don ta taya ni tattarawa. Ta ɗauki ta farko, ta ɗauki ta biyu. A ta uku ta tsaya. Ta jera su a cinya tana kallo, casa'in da biyu, casa'in da biyu, casa'in da biyu, wurin suna fari fat. Injin yana ta aikinsa.

"Umma, duk iri ɗaya ne."

Darakta yana duba agogo.

"Nawa ma haka ake yi?"

Na ce eh.

Ba ta kalli Baffanta ba ko sau ɗaya. Ni ta kalla. "A nan ake buga su? Ke kike bugawa?"

"Ni ce."

"Tun yaushe kika sani?"

Na gaya mata gaskiya, tun mako na huɗu. Na ga leɓenta yana motsi, tana lissafa makonnin da suka biyo baya. Ban san ko ta samu daidai ba. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta haɗa takardun ta daidaita gefunansu a kan gwiwa, ta miƙa wa Baffanta da hannu biyu, ta ce mini za ta koma gida. Na ce ta jira in rufe mu tafi tare. Ta ce a'a, ta san hanya.

Darakta ya bi ta da kallo har ta sha kwana, ya girgiza kai ya ce yaran yanzu ba su da juriya. Sannan ya lasa yatsa ya shiga ƙirga takardunsa, ya zaro ɗaya ya ɗaga ta sama wajen haske.

"Wannan ba ta fito sosai ba," in ji shi. "Sake mini ita."